Yadda na juya hanyar ruwan Golf ɗina bayan hita ta fashe

Mun wuce Kura ke nan, ba mu kai Kwanar Dangora ba, uwargida ta janye ƙafarta da sauri ta ce, "Malam, ruwan zafi ne fa yake ɗigo mini a takalmi." Watan Afrilu ne, rana ta take, muna kan hanyar Zariya gaisuwar rasuwa. Kafin in samu wurin tsayawa gilashin gaba ya yi hazo daga ciki, kamar an buɗe tukunya a ƙarƙashinsa. Motar Golf 3 ce, wagon, mai inji 1.8, irin wadda aka daina ƙerawa tun kafin shekarar 2000 amma har gobe ita ce jakin tashoshinmu.

Abin da ya fashe hita ce, wato wani ɗan ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod, wanda Turawa ke ɗumama mota da shi lokacin sanyi. Tun da na sayi motar ban taɓa kunna ta ba, shi ya sa na ɗauka babu ruwana da ita. Ashe a Golf 3 babu abin da ke rufe mata ruwa. Ko ka kunna ko ba ka kunna ba, muddin inji na aiki ruwan zafi yana ratsa ta. Maɓallin da kake murzawa ƙofar iska kawai yake buɗewa.

Wani bakanike na bakin titi ne ya fitar da mu ranar. Ya zare tiyo biyun da ke shiga cikin mota, ya cusa tsohon filogi a bakin kowanne, ya ɗaure da waya, muka ɗura fiya wata muka kama hanya. Allah ya saka masa, mun je mun dawo lafiya. Amma gyaran da zai kai ka gida daban, wanda za ka zauna da shi daban. Bayan mako biyu ɗaya filogin ya fara tsatsafo, kuma na lura duk lokacin da na shiga cunkoson 'Yankura allurar zafi takan ɗan haura inda na saba ganinta. Daga nan na ɗauki Asabar guda na tsaya a kan aikin tare da bakanikena. Abin da muka yi ke nan zan bayyana, ga wanda hitarsa ta fashe ko ta fara jiƙa masa kafet.

Ka fara sanin inda ruwan yake bi

Kada ka sayi komai sai ka buɗe bonet, inji a sanyaye, ka bi kowane tiyo da hannunka daga inda ya taso zuwa inda ya ƙare. A injina, famfon ruwa yana gefen da bel yake. Shi ke tura ruwa cikin gangar inji, ruwan ya hau kan inji, wanda makanikai ke ce wa tof silinda, sannan ya fita ta baki biyu. Babban bakin yana gaba, tsakanin silinda ta uku da ta huɗu, shi ke kai ruwa lagireto ta tiyon sama. Ƙaramin yana can ƙarshen kan inji, ta ɓangaren giyabos, shi ke kai wa hita. Idan ruwa ya fito daga hita sai ya shiga wani dogon bututun ƙarfe da ya zagayo inji ya koma famfo, kuma a jikin wannan bututun tiyon ƙasa na tulun ruwa, wato robar da ake ɗura wa inji ruwa ta cikinta, yake haɗuwa. Tamostat kuma, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya ɗumama, yana ƙarƙashin famfo, daidai inda tiyon ƙasa na lagireto ya shigo.

To ka ga abin da filogi ya yi. Ƙarshen kan inji wajen silinda ta huɗu shi ne wuri mafi nisa daga famfo, ga shi an toshe masa ƙofar fita. Ba na cewa injinka zai ƙone gobe. Na san direbobi da ke yawo da filogi a tiyo shekara da shekaru. Sai dai ruwan wannan lungu ya rage gudu, kuma a ƙasar da zafin inuwa ke haura digiri 40 a bazara, ni ba zan bar wani sashe na injina yana jiran ragowar ruwa ba. Sannan a wasu motocin akwai abubuwan da ke shan ruwa daga wannan layi ko kusa da shi, kamar abin sanyaya man giya a masu otomatik. Ka toshe ba ka duba ba, ka yi gudun gara ka faɗa zago.

Wannan matsala ta lungun da ruwa ba ya isa sosai ba tamu ce mu kaɗai ba. Akwai wata 'yar ƙaramar motar Mazda mai suna MX-5, wadda a Amurka ake kira Miata, ta fito a 1989. Injinta daga dangin Mazda 323 aka ɗauko, inda yake kwance a gicciye, ruwa ya shiga ta wannan ƙarshe ya fita ta wancan. Da aka miƙar da shi a tsaye a cikin MX-5, sai aka dawo da mafitar ruwan gaba, kusa da mashiga, silinda ta huɗu da ke can baya ta riƙa fin sauran zafi. Masu tsere da motar sukan mayar da tamostat baya, su jawo dogon tiyo zuwa lagireto, har murfin tamostat na Kia Sephia suke nemowa saboda ya dace da wurin. Su ma dai tsince-tsince suke yi a kayan wasu motoci kamar yadda muke yi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Abin da na ɗauka daga wurinsu shi ne ruwa hanya mafi sauƙi yake bi, kuma duk wanda zai sauya masa hanya sai ya tambayi kansa: wane wuri ne zai samu ƙari, wane ne zai rasa?

Kafin mu ci gaba, gyara na asali shi ne a sa sabuwar hita. Amma a Golf 3 sai an sauke dashbod gaba ɗaya, aikin yini guda ne, kuma robobin motar da ta haura shekara ashirin da biyar a ranar Kano ba sa son a taɓa su. Ka kwance guda goma, uku su karye. Idan a Jos kake zaune, ko kana yawan tafiyar asuba a hunturu, ka daure ka sa hitar. Ni na zaɓi in haɗa bakin fita da bakin komawa, ruwa ya ci gaba da zagayawa ba tare da ya shiga cikin mota ba.

Awo kafin kasuwa

Hanya biyu ce. Ta farko, ka samu tiyo guda ɗaya mai lanƙwasa wanda zai taso daga ƙaramin bakin nan na kan inji ya faɗa kai tsaye kan bututun ƙarfe. Ita ta fi, domin duk inda aka yi haɗi nan yoyo ke farawa, kuma a nan haɗi biyu ne kacal. Ta biyu, ka bar tiyo biyun na hita, ka rage musu tsawo, ka haɗa su da wani guntun bututu mai siffar ƙugiya. A nan haɗi huɗu ne. Na so ta farko, ta biyu na samu.

Ko wacce za ka bi, kana buƙatar abu biyu a aljihu. Na ɗaya kaurin bakin. Idan ba ka da ma'auni, ka naɗa zare sau ɗaya a jikin bututun, bayan ƙulun da ke bakinsa, ka sa alama, ka miƙe zaren a kan rula, abin da ya ba ka ka raba da 3.14. Nawa ya ba ni wajen milimita 63, wato kaurin kusan milimita 20 ne. Ka auna duka bakunan, kada ka ɗauka ɗaya suke. Na biyu siffar hanyar. Ka samu waya mai ɗan ƙarfi, irin ta rataye kaya, ka lanƙwasa ta daga wannan baki zuwa wancan yadda kake so tiyon ya bi, ka yanke daidai tsawon. Wannan wayar ta fi duk wani bayani da za ka yi wa mai shago. Ka ɗora ta a kan tiyo, in ya bi ta ya bi, in bai bi ba babu gardama.

Ka kuma rubuta harufan injinka. Suna kan takardar da ke manne a murfin bel ɗin taimin, in ba ta goge ba, kuma an buga su a jikin gangar inji. Masu 1.8 za su ga irin su AAM, ABS ko ADZ. Nawa ABS ne, abin da ya sa wani yaro a kasuwa ya ja ni har layin masu kayan birki kafin mu fahimci juna. Amfanin harufan shi ne injin iri ɗaya yana cikin Vento da wasu Passat da Seat Toledo, don haka ko an ce maka babu na Golf, kana iya samu a jikin waɗannan. Kayan Volkswagen kuma kusan kowanne da lambarsa a jiki. Na jikin Golf 3 sukan fara da 1H, na sanyaya inji za ka ga 121 a tsakiya, na hita kuma 819. Idan tsohon kayan yana hannunka ka goge shi da tsumma ka karanta.

A Ƙofar Ruwa

Na isa wajen ƙarfe goma, tsofaffin kayan a leda, wayata a hannu. Mutanen Kaduna Panteka za su nufa, kowane gari dai da inda ake farke motoci. Tun daga bakin hanya 'yan kayi-nayi za su tare ka: "Alhaji me ake nema? Kawo mu gani." Ba laifi ka bi su in ba ka san layi ba, amma kada ka saki ledarka, kuma kai za ka duba kaya da idonka.

Ga yadda na raba abin. Duk abin da yake roba mai tauri, sabo nake saya. Wannan ƙaramin bakin na kan inji roba ce, kuma bayan shekaru tana shan zafi takan zama kamar busasshen ƙwaryar da ta kwana a rana. Na Beljiyam ma shekarunsa ɗaya da naka. Ka sayi sabo tare da zoben robar da ke zama a ƙarƙashinsa, ka ɗora shi kan tsohon ka ga ramukan noti sun yi daidai, bakin ma ya kalli inda ya kamata. Akwai na alminiyam, in ka samu mai kyau wanda fuskarsa ta kwanta sumul, ya fi daɗewa. Murfin tulu da tamostat su ma sababbi.

Bututun ƙarfe kuwa na Beljiyam ya fi mini, saboda motocin can da kulant, wato ruwan sinadarin sanyaya inji, suka rayu, ba da ruwan rijiya ba. Nawa da muka zare, bakinsa ya cinye kamar ɓera ya gwaigwaye shi, a ce yatsa ka danna ya ɓurma. Wanda za ka saya ka leƙa cikinsa a rana, ka ƙwanƙwasa shi da sifana ka ji ko ɓawon tsatsa na zubowa, ka toshe sauran bakunan da yatsu ka hura.

A wajen masu tiyo na fi daɗewa. Wani dattijo ne, kaya jibge a gabansa kamar tarin macizai. Na miƙa masa wayar, ya jujjuya ta, ya ce, "Malam, wannan kwanar ta yi tsanani. Kowane tiyo ka tanƙwara haka sai ya shaƙe." Ya zaro guda uku muka gwada, gaskiyarsa ce, duk wanda muka bi da shi siffar wayar sai cikinsa ya manne a gwiwar. Tiyon da ya shaƙe da filogi duk ɗaya ne, har gara filogi, shi ka san da zamansa. A nan na haƙura da hanya ta farko, na zaɓi tiyon hita biyu masu lafiya.

Yadda ake gane mai lafiya: ka matsa shi, ya kamata ya yi tauri-tauri ya dawo da kansa. In ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya, mai ya jiƙa shi, ya gama aiki. In ka ji yana ƙaras-ƙaras a ciki, ya bushe. Ka buɗe bakinsa ka duba tsaga, ka duba ko ya kumbura a inda kilif ya zauna. Kuma lallai ya zama tiyon ruwan inji ne, mai zare a tsakiyar naman robar. Tiyon fetur daban ne, na ban-ruwan lambu kuwa ko kusa kada ka fara.

Kilif na ɗauki guda shida, har da na ajiya. Na fi son irin na asali, mai sifirin wanda ake matsewa da filaya, domin yana bin tiyo, ya buɗe in an yi zafi ya tsuke in an huce. Mai sukuru ma yana aiki, sai dai hannun yaran gareji ba ya sanin ya isa, kuma a kan bakin roba ɗaurin ƙarshe shi ke tsaga shi. Waya dai a bar wa ranar da aka lalace a daji.

Ƙugiyar da ba a sayarwa

Guntun bututun da zai haɗa tiyo biyun ba a shago na same shi ba, yi aka yi. Mutane da yawa gwiwar famfo ta farar roba suke sawa saboda tana ko'ina kuma ba ta da tsada. Araha ba ta ado. Irin wannan roba daga digiri 60 ta fara sakin jiki, ruwan inji kuma yana wasa ne tsakanin 90 da 100, ga matsi a kai. Za ta yi maka mako uku lafiya, ranar da ka ɗauko iyali ta buɗe. Bututun famfo na ƙarfe shi kuma nauyi gare shi, yana tsatsa, kuma zaren bakinsa yana yanka tiyo daga ciki.

Wajen masu gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki na je. Suna da bututun jan ƙarfe, suna da abin lanƙwasa shi ba tare da ya shaƙe ba, suna da waldar gas. Girman da suke da shi a inci ne: mai kashi biyar cikin takwas kusan milimita 16 ne, ya yi ƙanƙanta, mai bakwai cikin takwas ya ɗan haura 22, zai yage tiyo, mai uku cikin huɗu shi ne milimita 19, shi na ɗauka. Tun da ya gaza bakin tiyona da milimita ɗaya, ƙulu a baki ya zama dole. Muka sa aka naɗa siririyar wayar jan ƙarfe zagaye ɗaya a kowane baki, aka bi ta da walda, na goge da magagari da samfefa har ta yi santsi yadda ba za ta ci roba ba. Wannan ƙulun shi ke hana tiyo zamewa idan matsi ya taru, kilif kuma bayansa yake zama, ba a kansa ba. Kowace ƙafa ta ƙugiyar ka bar mata miƙaƙƙen wuri kamar santimita huɗu da zai shige cikin tiyo.

Akwai ƙarin abu guda da na yi wanda bakanikena bai yarda da shi ba. Hita cike take da ƙananan hanyoyi, tana rage wa ruwa gudu. Idan ka maye gurbinta da buɗaɗɗen bututu, ka buɗe wa ruwan zafi gajeriyar hanya daga kan inji zuwa famfo ba tare da ya ga lagireto ba, kuma ruwa ba ya ƙin sauƙi. Don haka na sa masu injin sassaƙa ƙarfe suka yi mini ɗan toshi na tagulla mai rami milimita 10 a tsakiya, aka cusa a baki ɗaya na ƙugiyar aka kama shi da walda. Ya ce, "Oga, wannan duk boko ne, mun yi ɗari ba mu sa ba." Na ce na ji, a sa mini. Idan za ka yi, ka tabbata an kama shi gam; abin da zai ɓalle ya bi ruwa ya je ya samu fukafukan famfo gara babu shi.

Ɗaurawa

Inji ya kwana a sanyaye, ko aƙalla ka iya riƙe tiyon sama ba ka ji komai ba. Kada ka taɓa buɗe murfin tulu da zafi. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kana sassauta murfi zai taso maka a fuska. Ka sa baho a ƙasa ka zare tiyon ƙasa. In akwai kulant a ruwan, kada ka bar shi a tsakar gida: yana da zaƙi, guba ne kuma, akuya da kyanwa da yaro mai rarrafe duk za su iya sha.

Tun da ruwa ya riga ya zube, muka wanke hanyar da ruwan famfon gida har jan ruwan ya koma fari. Muka kankare fuskar kan inji inda bakin roba zai zauna da reza, a hankali, domin alminiyam ne, ba ya son a ƙarce shi. Zoben roba shi kaɗai ya isa, ba sai an lafta gam ba. Rarar gam ciki take faɗawa ta je ta toshe lagireto. Notin bakin ƙarfin ɗaurinsu Nm 10 ne a sifanar awo, in babu ita ka riƙe ƙaramar sifana kusa da kai, ka ɗaure wannan kaɗan, wancan kaɗan, da ka ji ya zauna ka tsaya.

Wajen yanka tiyo, ka yanka da tsawo tukuna ka gwada, ragewa ba ta da wuya, ƙari ne babu. Ruwan sabulu ake shafawa ya shige, ba baƙin mai ko giris ba, su ne ke ruɓar da irin wannan roba. Sai abubuwa uku da za ka duba kafin ka matse kilif. A injin nan bututun hayaƙi ta baya yake fita, kusa da bangon da tiyon hita ke bi, don haka ka nisanta su da shi kamar faɗin tafin hannu. Sandunan giya ma nan ƙasa suke. Ka sa yaro ya shiga ya bi giya ɗaya bayan ɗaya har ribas kana kallo, ka ga babu abin da ke gogar tiyo. Na uku, ƙugiyar kada ta zauna sama da tulun ruwa, in ba haka ba iska za ta taru a ƙololuwarta ta zauna. Muka kwantar da tamu, muka naɗe ta da guntun tsohon tiyo don kada jan ƙarfen ya taɓa jikin mota, muka ɗaure da maɗaurin roba, amma da ɗan sako-sako, saboda inji yana rausaya duk lokacin da ka taka ko ka saki.

Bakuna biyu na tsohuwar hitar da suka rage a jikin bango, ka hura ɗaya ragowar ruwan ya fita, sannan ka rufe su. In ka bar su a buɗe zanzaro zai gina gida a ciki, ƙura ta cika sauran.

Maganar tamostat

Nan ne muka fi jayayya. Da muka kwance ƙarƙashin famfo, wanda sai da aka kawar da famfon sitiyari kafin hannu ya kai, sai muka tarar babu tamostat sam, wani ya cire tun kafin motar ta zo hannuna. Haka ake yi a garejinmu: mota ta shigo daga Kwatano, a cire tamostat a ce na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye. Ni ban yarda da wannan ba, musamman a wannan injin. Ka ɗauki tamostat ɗinsa ka duba, akwai wani faifai a gindinsa. Idan ya buɗe wa ruwan lagireto hanya, faifan nan yana rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa a cikin inji lokacin da yake sanyi. Ka cire shi, ka bar hanyoyin biyu a buɗe har abada, wani kason ruwan zafi ya riƙa komawa inji bai huce ba. Da safe kuma inji ya daɗe bai ɗumama ba, yana shan mai fiye da ƙima.

Sabon da na saya an rubuta 87 a jikinsa, wato a wajen wannan digiri yake fara buɗewa. Kafin a ɗaura na karɓi tukunya a wurin mai shayin gareji, na ɗaura masa zare na zura a ruwa a kan wuta. Ruwan bai kai ga tafasa ba ya fara buɗe baki, da na tsamo shi ya huce ya rufe. Minti goma ne, kuma ya fi a ɗaura a gano daga baya cewa mataccen aka sayo.

Ɗura ruwa da fitar da iska

Motar na cin kusan lita 6. Gangar injin baƙin ƙarfe ce, kansa alminiyam, ga shi na ƙara jan ƙarfe. Ruwa zalla a cikin irin wannan haɗi tsatsa yake haifarwa, ruwan burtsatse kuma ya bar farin dutse kamar na cikin buta. Abin da ya ci hitata da bututuna ke nan, kuma laifina ne, shekara huɗu ina ɗura mata abin da na samu. Kulant ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga inda ruwa ke tafasa. Na haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa. Masu cajin batir suna sayar da shi, amma ka buɗe baki ka ce tataccen ruwa kake so, ba asid ba, domin dukansu "ruwan batir" ake ce musu. Na Volkswagen akwai G11 mai shuɗi da G12 mai ja, ba a gauraya su. Ka karanta jikin jarka, kada launi kaɗai ya ruɗe ka, wani kulant ɗin kasuwa ruwa ne da kala. In an riga an sirka shi daga kamfani, kada ka ƙara masa ruwa.

Ka zuba ta tulu da mazurari, sannu a hankali, kana matsa tiyon sama da na ƙasa kamar mai tatsar nono, za ka ji iska na fitowa ɓul-ɓul. In ya tsaya a layin sama sai ka tayar da inji, murfi a buɗe na 'yan mintuna, kana ƙarawa in ya sauka. Ka kalli ɗan siririn tiyon da ke shiga tulun ta sama: ya kamata ka ga ruwa na tsartuwa daga cikinsa. In ba ya zuwa, ya toshe, ka zare ka hura shi, ta nan motar ke fitar da iskarta. Daga nan ka rufe murfi ka jira. Ƙugiyar ita za ta fara zafi, alamar ruwa na bin sabuwar hanya. Tiyon ƙasa na lagireto zai daɗe da sanyi, sai can ya ɗauki zafi, tamostat ya buɗe ke nan. Sannan fanka ta tashi da kanta a wajen digiri 95, ta yi ɗan lokaci ta tsaya. Tawa ba ta tsaya ba sai da mai wayarin ya warware haɗin kai tsayen da aka yi mata ya mayar da ita kan makunninta da ke jikin lagireto.

Murfin tulu da na ce a saya sabo, ga dalilinsa. A Kano, saboda tudun ƙasa, ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a wajen digiri 98, a Jos ma ƙasa da haka. Murfin ne ke riƙe matsin da ke kai shi wajen 120 kafin ya tafasa. Murfin da robarsa ta mutu zai sa mota mai lafiyayyen lagireto ta riƙa amai a cunkoso, a yi ta canza kaya ba a san daga inda abin yake ba.

Da yamma na fita gwaji, na bi titin Zariya har Kura na juyo, sannan da gangan na kutsa cikin gari lokacin tashi daga kasuwa. Allura ta tsaya a 90, ta ɗan gota a cunkoso, fanka ta tashi ta dawo da ita. Na tsaya na bi haɗi huɗun nan da farar takarda, babu danshi. Washegari da asuba, inji a sanyaye, ruwa ya sauka kamar rabin kofi, ragowar iska ce ta fita, na cika. Na sake dubawa bayan kwana uku da bayan mako guda, bai ƙara motsi ba. Mai kilif na sukuru ya ƙara masa rabin juyi a wannan lokacin, sabon haɗi yakan saki bayan ya sha zafi sau biyu-uku.

Abin da na rasa shi ne iska mai ɗumi. Dabarar nan ta kunna hita a buɗe gilasai idan mota ta fara zafi a hanya, ta tafi. Kuma da damina, in ruwa ya tsuge aka rufe gilasai, na gaba yakan yi hazo, na'urar sanyin motar kuwa ta daɗe da mutuwa. Tun daga watan Yuli nake ajiye tsumma a aljihun ƙofa, uwargida ce ke gogewa ina tuƙi.